Mai na'urar da ya ga tukunyar kuɗi ya mayar da ƙasa ya rufe

Jama'a, akwai wata sha'awa ta mutanen Ingila da 'yan uwanmu ke yi wa dariya in sun gan ta a bidiyo, ni kuwa ina ganin ta fi ƙarfin dariya. Za ka ga dattijo a tsakiyar gona bayan girbi, cikin sanyi da taɓo, abin sauraro a kunne, yana lilo da na'urar gano ƙarfe dama da hagu dab da ƙasa. In ta yi ƙara sai ya durƙusa, ya yanka ƙasa da ƙaramin shebur, ya murtsuke curin da yatsa. Galibi ƙusa ce, ko maɓallin riga, ko murfin gwangwani. Wata rana kuma sai ga wani ɗan faifai ya yi kore shar don tsufa, da kan wani sarkin Rum a jiki, ba a taɓa shi ba shekara 1,700.

Ina goyon bayan wannan sha'awa, amma da sharaɗi. Bari in ba ku labari biyu, za ku ga sharaɗin da kanku.

A watan Afrilun 2010, wani mai suna Dave Crisp yana yawo da na'urarsa a wata gona kusa da garin Frome, sai ya tono bakin wata ƙatuwar tukunya cike da sulalla. Ku sa kanku a matsayinsa. Ba kowa a wurin, ga shebur a hannu. Mutumin nan ya mayar da ƙasa ya rufe ramin, ya je ya sanar da jami'ar da ke rubuta irin waɗannan tsintuwa. Masana suka zo suka kwashe kuɗin daki-daki, daga sama zuwa ƙasa, suna rubuta abin da ke kowane hawa. Sulalla 52,503 aka ƙirga, nauyinsu wajen kilo 160, duk na zamanin mulkin Rum. Saboda ba a taɓa tukunyar ba ne aka gane cewa jikinta bai da kaurin da zai ɗauki wannan nauyi, wato sai da aka binne ta sannan aka yi ta juye kuɗin a ciki. Wannan ya sa masana suka fara tunanin ba ajiyar tsoron yaƙi ba ce, wataƙila hadaya ce mutanen wurin suka yi. A ciki kuma aka sami sulalla sama da 700 na Carausius, wani kwamandan da ya ɓalle ya naɗa kansa sarki a Birtaniya a shekarar 286. Da Crisp ya fasa tukunyar ya zuba a buhu, kuɗin na nan, amma duk wannan sani ya tafi har abada. Kuma bai yi asara ba: an yi wa dukiyar kuɗi fam 320,250, aka raba tsakaninsa da mai gona, yau tana gidan tarihi na Somerset kowa na zuwa gani.

Na biyun shi ne yake ci mini rai. A 2015 wasu mutum biyu suka tono wata ajiya ta zamanin Vikin, maharan teku daga arewacin Turai, kusa da garin Leominster, sulalla wajen 300 da kayan zinariya. Suka ɓoye, suka riƙa sayar wa dillalai a asirce. A cikin 'yan kaɗan ɗin da aka ƙwato akwai masu hoton sarakuna biyu zaune gefe da gefe, na Alfred, sarkin Wessex, da na Ceolwulf na biyu, sarkin Mercia, wato masarautu biyu na tsohuwar Ingila. Marubutan fadar Alfred sun rubuta cewa Ceolwulf wawa ne, yaron Vikin. Sulallan nan kuwa suna nuna ƙawance ne tsakaninsu. Kun ga shaida kenan da za ta wanke mutumin da aka ɓata wa suna fiye da shekara dubu, amma aka watsar da akasarinta a kasuwa. An ɗaure masu tonon nan biyu a 2019, sai dai ɗauri bai dawo da abin da ya salwanta ba.

Kada mu ce Crisp mutumin kirki ne kawai, waɗancan kuma ɓarayi. Akwai tsari da ya sa gaskiya take da riba a can. Dokar 1996 ta ce wanda ya tsinci irin wannan dukiya, misali sulallan zinariya ko azurfa da suka haura shekara 300, ya kai rahoto cikin kwana 14. In gidan tarihi na so, kwamiti ya yanka farashin kasuwa, a biya mai tsintuwa da mai gona. Daga 1997 kuma aka buɗe rajistar da ko kwabo ɗaya ka tsinta za a rubuta inda ya fito, kuma abubuwan da aka rubuta sun haura miliyan ɗaya da rabi. Ta wannan hanya ce wani uba da ɗansa suka miƙa ajiyar da suka tono a yankin York a 2007, sulalla 617, har da dirhamai masu rubutun Larabci da aka buga a Samarƙand. Dirhamin ƙasar Musulmi a gonar arewacin Ingila tun kafin shekarar 930!

To, mu fa? Na'urorin nan sun riga sun iso mana, ta hanyar neman zinariya, tun ba ma bayan da aka yi rububin Jado a arewacin Nijar a 2014 ba. Ranar da suka juya kan kufai da tsoffin ganuwa, me muka tanada? Mun ga yadda aka yi wa gumakan Nok wawaso aka fitar da su ƙasashen waje. Kuma ba sai zinariya ba. Anini mai huda a tsakiya, da tauraro da rubutun Larabci, wanda aka fara bugawa a 1907, da ɗari da taro da sisi da sule da aka bari a 1973, da riyal ɗin azurfa mai hoton Mariya Teresa da fatake suka yi ciniki da shi, duk suna ƙarewa a hannun 'yan gwangwan da maƙeran farfaru, a narke a yi zobe. Manomi ya tsinci tulun wuri ko na tsoffin kuɗi, abin da yake fara zuwa masa shi ne kada hukuma ta ji ta ƙwace, ya tashi a tutar babu. Ba na ganin laifinsa.

Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Najeriya tana da doka tun 1979, amma hani kaɗai ba zai sa kowa ya kawo abin da ya tsinta ba. Ina so a ce a Gidan Makama na Kano da sauran gidajen tarihinmu an ajiye ma'aikaci ɗaya da lambar waya da kowane mai unguwa ya sani, wanda zai zo ya ɗauki hoto, ya rubuta wurin, ya bar wa mutum kayansa in ba a buƙata, in kuma ana so a biya shi kuɗin da ya fi na dillali.