Hutun reno babu albashi: haƙƙin da talaka ba ya iya taɓawa

Tun da gwamnatin Labour ta Keir Starmer ta kai ƙudirin haƙƙin ma'aikata gaban majalisar Birtaniya a watan Oktoban 2024, ake ta yabon wani sashe nasa kamar an share wa iyaye hawaye. Sashen ya cire sharaɗin da ya ce sai mutum ya shekara guda yana aiki a wuri kafin ya cancanci hutun kula da yara. Wato daga ranar da aka ɗauke ka aiki kana da damar neman hutun. Abin da ke ci mini rai shi ne masu yabon suna tsallake kalmomi biyun da suka fi komai nauyi a maganar: babu albashi.

Mu duba abin da ake kira haƙƙin. Uwa ko uba na da mako 18 a kan kowane ɗa har ya cika shekara 18, amma ba za a ci fiye da mako 4 a shekara a kan kowane ɗa ba. Dole a sanar da mai aiki kwana 21 kafin lokaci, shi kuma yana iya ɗage hutun har zuwa wata shida idan ya ce aiki zai tsaya. Yawanci ma sai dai a ɗauka mako-mako, ba kwana ɗaya ko biyu ba, in dai ba yaron na da naƙasa ba. Duk tsawon kwanakin nan ko sisi ba ya shiga asusunka.

To wa zai ci wannan hutu? Ɗauki matar da ke jera kaya a babban kanti ana biyanta da awa. Ƙarfe biyun dare ta taɓa goshin 'yarta ta ji zafi rau, ta kuma san gidan reno ba zai karɓi yarinya mai zazzaɓi da safe ba. Sanarwar kwana 21 ba ta da wurin zama a nan. Akwai wani izinin gaggawa da doka ta tanada domin irin wannan rana, amma shi ma ba a wajabta wa mai aiki ya biya ba. Sai ta zauna bakin gado tana lissafi: awa takwas na yau sun tafi, kuɗin haya na nan tafe, na wuta ma haka. Gaba kura baya sayaki. Wanda ke da ajiya a banki da abokin zama mai albashi mai tsoka zai ɗauki makonninsa hankali kwance. Ita kuwa takardar dokar ba ta ƙara mata komai ba.

Akwai kuma ɓarnar da ba a cika faɗa ba. A gidan da mutum biyu ke aiki, idan dole ɗaya ya bar albashi, wanda nasa ya fi ƙanƙanta ne zai bari, kuma galibi matar ce. Ta yi baya a ƙarin girma, kuɗin fanshonta ya ragu, gobe in an sake buƙatar mai zama a gida sai a ce ai ita ce asararta ba ta da yawa. Uban da ke son ya riƙe ɗansa ma an ɗaure masa hannu. Hutunsa na haihuwa mako biyu ne kacal, kuɗin da doka ta yanka masa a Afrilun 2025 kuwa bai wuce fam 187.18 a mako ba.

Masu kamfanoni na kukan cewa biyan hutu zai durƙusar da ƙananan sana'o'i, kukan da suke yi duk lokacin da aka zo da wani gyara, kuma ba wanda ya ce daga aljihunsu kaɗai za a biya. Masu cewa "da babu gara ba daɗi" su je su kalli Amurka. Bill Clinton ya sa hannu a dokar hutun mako 12 babu albashi a 1993, aka ce matakin farko ne. Sama da shekara 30 ke nan, har yau gwamnatin tarayya ba ta taka mataki na biyu ga ma'aikatan kamfanoni ba.

Ba wai babu inda aka gwada wata hanya ba. Suwidin ta buɗe hutun reno mai biya ga uwa da uba tun 1974, yanzu kwana 480 ne, 390 daga ciki a kan kusan kashi 80 cikin ɗari na albashi, kuma ana biyan iyaye idan suka zauna jinyar yaro. Tarayyar Turai, wadda Birtaniya ta fice daga cikinta, ta wajabta a 2019 cewa wata biyu na hutun uwa da wata biyu na hutun uba sai an biya.

Majalisa ta ware ko da mako biyu ne daga cikin 18 ɗin nan a riƙa biya daga asusun inshorar ƙasa, a fara da masu ƙaramin albashi, a kuma bari a ɗauke shi kwana-kwana a ranar da yaro ya kwanta.