Pokémon a sabuwar riga: Wanne gyara ne ya cancanci kuɗin ɗan Legas?

Kamfanonin Nintendo da Game Freak na ƙasar Japan sun daɗe da gano wata hanyar ciniki mai riba. Sai su ɗauko tsohon wasan Pokémon, su yi masa kwaskwarima, su sake sayar wa mutanen da suka buga shi suna yara, waɗanda yanzu sun zama magidanta masu kuɗi a aljihu. Sun yi haka a 2004 da FireRed da LeafGreen, suka sake a 2009 da HeartGold da SoulSilver, sannan a 2014, da 2018, da kuma 2021. A ganina na 2009 ne ya san ma'anar gyara. Na 2021 kuwa, gyaran gangar Auzinawa aka yi masa.

Ga wanda bai san wasan ba: yaro ne ke barin gida yana yawo gari-gari, yana kama wasu ƙananan halittu, yana horar da su, yana kara su da na wasu. Satoshi Tajiri, wanda ya ƙirƙiro shi, ya taso yana kamun ƙwari a bayan garinsu kusa da Tokyo, kuma daga nan tunanin ya samo asali. Na farko ya fito a kan Game Boy, na'urar wasan hannu ta Nintendo, a watan Fabrairun 1996, da halittu 151. Dabarar da ta ɗaga shi ita ce an raba shi kaset biyu, kowanne da halittun da babu su a ɗayan. Ba ka cika kundinka sai ka nemo wani yaro mai ɗaya kaset ɗin, kun jona na'urorinku da waya, kun yi musaya. Wasu halittun ma, irin su Kadabra da Machoke, ba sa kai matakinsu na ƙarshe sai sun sauya hannu.

A Legas ta hanyar kayan gwanjo wasan ya shigo hannun yawancinmu. Kasuwar Alaba da Computer Village ta Ikeja ne matattara, kuma jabun kaset ya cika ko'ina. A unguwanni irin su Agege da Idi-Araba ba kowane gida ke da Game Boy ba. Wanda babansa ya sayo masa, shi ne sarki a layi, sauran suna leƙe ta bayan kafaɗarsa har batir ya mutu. Babban baƙin cikin wancan zamanin shi ne wasannin Pokémon Gold da Silver na 1999. An sa musu agogo a cikin kaset don dare da rana su riƙa canzawa a wasan, to agogon da ma'ajiyar wasan batir guda suke sha. Bayan 'yan shekaru batirin ya ƙare, duk wahalar da yaro ya sha ta bi ruwa. Mu da kaset ke iso mana bayan ya tsufa a hannun wani yaron Turai, mun fi kowa sanin wannan.

Irin wannan ciwon ne HeartGold da SoulSilver, wato gyaran Gold da Silver da aka yi wa na'urar wasan hannu ta Nintendo DS, suka yi wa magani. Kaset ɗin Nintendo DS ba ya buƙatar batir kafin ya riƙe abin da ka adana, agogo kuma na na'urar ne. An gyara tsarin faɗa ya yi daidai da na zamaninsa, an sa halittar da ke gaban tawagarka tana bin ka a baya duk inda ka sa ƙafa. Aka kuma haɗa kowane kaset da wata 'yar na'urar ƙirga taku mai suna Pokéwalker, wadda za ka tura halitta ɗaya cikinta, ka maƙala a ƙugu, yawan tafiyarka ya zama ƙarfinta. Wasan bidiyo da ke korar yaro waje ya taka ƙasa, ai ba kullum ake samunsa ba.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne abin da suka ƙi taɓawa. Duk wanda ya buga wasan ya san Whitney, shugabar fagen karawa na uku a birnin Goldenrod na cikin wasan, da saniyarta Miltank. Saniyar nan tana mirginowa ta buge ka, kowane bugu ya ninka na baya, idan ka kusa kayar da ita ta sha nono ta warke. Yara da yawa a nan suka ajiye wasan. Masu gyara sun san da haka, suka bar ta yadda take, don akwai mafita ga mai natsuwa: a babban kantin garin akwai mai ba da wata halitta mai suna Machop idan ka kawo masa wata mai suna Drowzee, kuma Machop ne maganin saniyar. Sai ka shiga ka yi magana da mutane, ka karanta abin da suka faɗa, sannan ka gane. Haka aka bar lambobin yabo 16 na yankunan Johto da Kanto, aka bar Red, jarumin wasan farko, a ƙolin dutse yana jira, har ma aka ƙara wa Pikachu ɗinsa ƙarfi daga mataki na 81 zuwa na 88.

Kwatanta wannan da Brilliant Diamond da Shining Pearl na 2021, waɗanda wani kamfani daban mai suna ILCA ya yi wa na'urar Nintendo Switch. A cikinsu duk faɗan da ka ci, ladan yana rabuwa ga tawagarka baki ɗaya, har waɗanda ba su fito fage ba, kuma babu damar kashe wannan tsari. Halittarka na iya tsallake bugun da ya kamata ya kayar da ita saboda wai tana ƙaunarka. Sakamakon haka kana ratsa mafi yawan wasan ba tare da ka tsaya ka yi tunani ba, sai a ƙarshe a haɗa ka da zakarun da aka ƙara wa ƙarfi, alhali hanya ba ta koya maka komai ba. A kan dala 60 aka sayar da shi. A lokacin da dala ta haura naira 1,500, kuɗin ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 85,000 da gwamnatin Legas ta sanar a 2024, ba a ma yi maganar kuɗin na'urar ba.

Masu kare sauƙaƙawar suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Mutumin da ke barin Agege bayan sallar asuba, bai dawo ba sai bayan isha'i, ina ya ga lokacin zagaye cikin ciyawa yana horar da halittu ɗaya bayan ɗaya? Gaskiya ne kuma HeartGold na da wannan aibin: halittun dajin Johto ba su da ƙarfi, don haka horo kafin karawar ƙarshe yana cin rai, kuma masu gyara ba su magance shi ba. Sai dai cire gajiya daban, cire tunani daban. Da sun sa maɓallin da mai gaggawa zai kunna, mai son wahala ya kashe, kamar yadda yake a Pokémon X da Y na 2013, da babu mai ƙorafi. Batun lokaci kuma, wasan hannu ai don irin rayuwar Legas aka yi shi. Ba ya neman data, ba ruwansa da ɗauke wuta muddin akwai caji, idan danfo ta iso tasharku ka rufe murfin DS ɗin ya tsaya inda ka bar shi. Cinkoson gadar Third Mainland kaɗai ya isa a ci fage guda.

Akwai abin da iyaye za su so su sani. Tsofaffin wasannin suna da gidan caca a ciki, inda ake zuba tsaba a inji, kuma zargin caca na cikin dalilan da suka sa malaman Saudiyya suka haramta Pokémon a 2001. A HeartGold da SoulSilver da aka fitar a wajen Japan an cire injinan, aka sa wasan lissafi mai suna Voltorb Flip, wanda ba a sayen tsabarsa da kuɗin wasa. Dokokin kimanta wasanni na Turai ne suka tilasta hakan, amma mu ma mun amfana.

Yara da yawa yanzu a wayar Android suke buga waɗannan wasanni, ta manhajar da ke kwaikwayon na'urar, mai maɓallin hanzartawa. Wani ɗan 'yar'uwata a Mile 12 ya taɓa ce mini, "Kawu, ni fa Kadabra ɗina ya ƙi girma, ko wayar ce?" Na ce masa wayarsa lafiya lau, aboki ya rasa. Nintendo ta rufe hidimar intanet ta DS tun watan Mayun 2014, saboda haka hanyar musaya da kamfanin ya bari ita ce ta asali: mutum biyu, na'ura biyu, a zaune kusa da juna. Yaron da ya hanzarta wasan shi kaɗai a ɗaki ya ga hotunan, amma rabin abin da Tajiri ya gina ya wuce shi.

Wanda ya yi niyyar nema a Ikeja ko Alaba, ya buɗe ido, don an daina buga kaset ɗin tuntuni, na gaske ya yi tsada, jabu kuma ya yi yawa. Kaset ɗin DS na yau da kullum ruwan toka ne. Na HeartGold da SoulSilver na gaske baƙi ne, idan ka haska shi da tocila za ka ga ja-ja na ratsa shi, saboda ƙwayar da ke magana da Pokéwalker tana ciki, kuma a bayansa an rubuta NTR-031. Idan mai shago ya miƙo maka ruwan toka yana rantsuwa daga Landan ya zo, mayar masa da abinsa.