Hoto ɗaya, megabait biyar

Jama'a, na daɗe ina sana'ar ajiye wa mutane shafukansu na intanet a kan saba, wato babbar kwamfutar da shafi ke zaune a cikinta, ina kuma gyarawa idan sun tsaya. Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai sai na amayar da shi.

Kwanakin baya wani Alhaji mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari ya kira ni bayan La'asar, ransa a ɓace. Wai sabarmu ta lalace, masu sarin kayansa daga Maraɗi da Damagaram suna ta ƙorafi shafin ba ya buɗewa. Na duba, saba lafiyarta ƙalau. Da na leƙa shafin kansa sai na ga inda gizo ke saƙar. Hotuna 40 ne a fuskar farko, kowanne yadda waya ta ɗauke shi aka ɗora, megabait huɗu zuwa biyar, ga kuma bidiyo yana kunna kansa a sama. Kusan megabait 200 ke nan mutum zai ƙona kafin ya ga farashin turmi ɗaya.

Washegari na same shi a shago. Na ce, "Alhaji, a ara mini wayar yaron can." Itel ce, gilashinta a tsage, datar sati ce a ciki. Na buga sunan shafin, na ajiye wayar a kan bandir ɗin shadda. Allo fari fat, ɗan da'irar nan tana ta juyawa. Har wata mata ta shigo, ta taya leshi, ba su daidaita ba ta fita, rabin hoton farko kawai ya sauko. Alhaji ya ce, "To ni a kwamfutata nan take yake buɗewa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba kai ne mai sayen ba."

Mu masu wannan aiki laifinmu ne kafin na kowa. Muna zaune a ofis, ga babban allo, ga intanet mai gudu, mu gina shafi mu nuna wa mai shi a nan, ya ga launuka suna motsi ya ce madalla, ya biya. Wanda aka yi shafin dominsa yana can riƙe da Tecno ko Infinix, sabis na zuwa yana ɗaukewa, caji saura kaɗan. A watan Janairun 2025 hukumar NCC mai kula da harkar sadarwa a Najeriya ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Saboda haka duk hoton da ka bari da nauyinsa, hannu ka sa a aljihun mai saye tun bai sayi komai ba. Ni wannan rashin tausayi nake kiransa, ko da ba da gangan aka yi ba.

Kuma maganin ba tsada ne da shi ba. Tun 2010 Google ya fito da tsarin hoto na WebP. Hoton megabait biyar, idan aka rage faɗinsa aka juya shi zuwa WebP, sai ya dawo kilobait 150 ko ƙasa, kuma a allon waya zanen atamfar yana nan raɗau. Aikin minti kaɗan ne. Amma sai ka ga an ɗauko wani ƙaton tsarin WordPress, manhajar gina shafuka, da aka yi wa kantunan Turai, an jibga masa ƙarin manhajoji ashirin, rabinsu ba a ma san amfaninsu ba, kowacce tana jan nata kaya.

Wani abin da ke sosa mini rai shi ne haruffanmu masu ƙugiya. An zaɓi salon rubutu don ya yi kyau a ido, ba a tsaya an gwada ko yana da ɓ da ɗ da ƙ ba. Sai ka buɗe shafin makarantar Islamiyya ka tarar da ɗan akwati a tsakiyar kalma, ko kuma an cire ƙugiyoyin gaba ɗaya, ƙafa ta koma kafa. Alhali akwai salon rubutu irin Noto da ke ɗauke da su duka, kyauta. Harshen da miliyoyin mutane ke ciniki da shi kullum bai cancanci a riƙa yi masa wannan riƙon sakainar kashi ba.

Ranar 14 ga Maris 2024 ba zan manta da ita ba, ranar da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, ciki har da MainOne da WACS. Manhajojin bankuna suka yi ta tsayawa, wayata ba ta huta ba har dare. A cikin shafukan da nake kula da su, marasa nauyi sun ci gaba da buɗewa, a hankali dai amma suna buɗewa. Masu lodin kaya kuwa ko motsi ba su yi.

Shafin Alhaji mun zauna mun yi masa aski. Hotuna 12 muka bari a gaba, farashi a ƙarƙashin kowanne da manyan lambobi, sai maɓallin WhatsApp babba wanda babban yatsa zai taɓa ba tare da kuskure ba, tunda a can ake ƙarasa cinikin. Duka fuskar ba ta kai megabait biyu ba. Muka sake gwadawa a wayar yaron, kafin ya gama naɗe yadin da ke hannunsa ta buɗe. Da azumi ya matso Alhaji ya kira yana so a maido da bidiyon saboda kayan Sallah. Na roƙe shi ya sa shi a Facebook, mai son kallo ya je can da ganin damarsa, kuma ya yarda.