Mace ɗaya Titian ya zana, masu kallo ne suka raba ta biyu

A gidan adana kayan tarihi na Borghese da ke birnin Roma akwai wani dogon zane, faɗinsa ya kusa mita 3, wanda Titian, shahararren mai zane na birnin Venice, ya yi a wajajen 1514. Mata biyu ne zaune a bakin wani kwarmin ruwa na dutse. Ta hagu ta sha farar riga mai nauyi har ƙasa, da safar hannu, ta dafa wani mazubi rufaffe. Ta dama kusan babu komai a jikinta sai farin ƙyalle a ƙugu da jan mayafi da ya zame daga kafaɗa, ta ɗaga fitila sama. Tsakaninsu wani yaro mai fukafukai yana dama ruwan da hannu. Sunan da duniya ta san zanen da shi yana nufin soyayyar sama da soyayyar duniya, wato mai tsarki da ta sha'awa.

In aka tambayi mai karatu wacce ce mai tsarkin, na san ba zai yi wata-wata ba, zai nuna mai riga. Ni ma ita na nuna da farko. Amma yawancin masana, irin su Erwin Panofsky, sun tafi a kan akasin haka. A falsafar da ke tashe a Italiya a lokacin, wadda ta tuɓe ita ce soyayyar sama, don gaskiya ba ta da abin ɓoyewa, kuma a bayanta ne ake hango hasumiyar coci. Mai ado da tufafi ita ce ta duniya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne matan biyu fuskarsu ɗaya, gashinsu ɗaya. Kuma ba Titian ne ya raɗa wa zanen wannan suna ba. Sai a ƙarshen ƙarni na 17, shekara fiye da ɗari bayan rasuwarsa a 1576, sunan ya fara bayyana a takardun ƙidayar kayan gidan Borghese. A ganina shi mace ɗaya ya zana, amarya, a halinta na cikin jama'a da halinta na cikin ɗaki. Waɗanda suka zo daga baya ne suka kasa haɗiye hakan, suka ce lalle sai ɗaya ta zama ta kirki, ɗayar kuma ta banza. Wannan rabon ba baƙo ba ne a kunnenmu: ko dai 'yar mutunci ko 'yar iska, kamar babu mace mai kunya da sha'awa duka a zuciya guda.

Sai dai kada mu yi saurin yi wa Titian tafi. Wa ya biya kuɗin aikin? Niccolò Aurelio, sakataren Majalisar Mutum Goma ta Venice, wanda tambarin gidansu ke jikin dutsen. Don aurensa da Laura Bagarotto aka yi zanen, bazawara daga Padua, wadda gwamnatin Venice ta rataye mahaifinta a 1509 bisa zargin cin amanar ƙasa. Ga mace za ta shiga gidan babban ma'aikacin gwamnatin da ta kashe mata uba. In ana neman zuciya mai rabuwa biyu, ai ga ta nan. Amma a fuskokin nan biyu masu sanyi babu alamarta ko kaɗan. Abin da ya rage kawai shi ne kwarmin ruwan da suke zaune a kai, wanda siffarsa ta akwatin gawa ce irin ta Romawan dā. Wasu na cewa rai ne ke ɓuɓɓugowa daga mutuwa. Wataƙila. Ni dai abin da nake gani shi ne an zana amaryar da ango ke fata, mai kamun kai a waje, mai sakin jiki a ciki, duka biyun dominsa.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari da masu cewa tsofaffin zane-zanen Turai suna bayyana sirrin zuciyar mace. Akasarinsu maza ne suka zana, maza suka saya, suka rataye a ɗakunansu. Dubi labarin Susanna, matar aure da wasu dattawa biyu suka leƙa tana wanka, suka ce ko ta amince musu ko su yi mata ƙazafin zina. Masu zane sun so labarin nan ƙwarai, don ya ba su hujjar addini ta zana tsiraici. A na Tintoretto da ke Vienna, Susanna na kallon kanta a madubi hankali kwance, ga kayan ado a gefe, tsoho mai sanƙo na rarrafe a gindin shinge. Kai mai kallo an ajiye ka a sahun tsofaffin, kai ne na uku.

A 1610 wata yarinya 'yar shekara 17, Artemisia Gentileschi, ta zana labarin. Tata Susannar ta murɗe wuya ta kau da kai, ta ɗaga hannuwa biyu tana karewa, mazan kuwa sun ranƙwafo ta saman katanga kamar za su danne ta. Jikin yana nan a fili yadda masu saye ke so, amma fuskar ta ce a'a. A nan ne na ga rabuwa biyu ta gaske: jikin da ake kallo, da mutumin da ke cikinsa wanda bai yarda a kalle shi ba. Da wuya ka tsaya gaban zanen nan ka ji daɗin tsayuwarka.

Ita ma Artemisia ba ta tsira daga masu raba mace biyu ba. A 1611 Agostino Tassi, abokin aikin mahaifinta, ya yi mata fyaɗe. A shari'ar da aka yi a Roma a 1612 ita aka ɗaure wa yatsu da igiya ana matsewa don a gwada ko gaskiya take faɗa. Tun daga nan kusan duk wanda ya ga zanenta na Judith, jarumar wani labarin addini, tana yanka wuyan Holofernes, shugaban sojojin maƙiya, sai ya ce ramuwar gayya ce. Ana mantawa cewa zanenta na Susanna ya riga fyaɗen da shekara guda, kuma maza da yawa, har da Caravaggio, sun zana Judith ba wanda ya tambaye su me aka yi musu. A 1616 ta zama mace ta farko da makarantar masu zane ta Florence ta karɓa a matsayin mamba. Ta yi aiki a Venice da Naples da Landan, ta shafe kusan shekara 40 tana ci da iyalinta da wannan sana'a, kuma wasiƙunta da suka rage cike suke da cinikin farashi da ƙorafi kan masu jinkirin biyan kuɗi.