Tsatsa Ma Kuɗi Ce

Bakano dillalin motoci ya iske Bazazzagi bakanike a gindin darbejiya, ya ƙura wa waya ido.

BAKANO: Bazazzagi, wannan Baturen faɗa yake ko aljanu suka hau shi? Ko numfashi ba ya yi.

BAZAZZAGI: Mai kiran gwanjo ne, Alhaji. Na kamfanin Mecum, a garin Kissimmee na Amurka, Janairun 2020. Dubi koriyar motar Mustang ɗin nan, ƙirar 1968.

BAKANO: Wannan akwalar? Fenti ya koɗe, ga tsatsa. Naira dubu ɗari uku, shi ma don kai ne.

BAZAZZAGI: A dala miliyan 3.4 aka sallama. Da la'adar kamfani, mai saye ya biya miliyan 3.74.

BAKANO: Tsaya! La'ada kaɗai dala dubu 340? Ni kuma sai na yi rantsuwa bakwai kafin a ba ni na cefane! Ba wanda ya ce a yi masa ragi?

BAZAZZAGI: A can ciniki sama yake tafiya. Steve McQueen, shahararren jarumin fina-finan Amurka, shi ne ya tuƙa ta a fim. Wani ya saye ta kan 'yan dubban daloli a 1974, har matarsa na zuwa koyarwa da ita, daga baya aka kulle ta a gareji shekara da shekaru.

BAKANO: Ragwaye! Da a hannuna take, in fesa mata sabon fenti, in cire injin nan mai silinda takwas mai shan mai kamar raƙumi, in dasa na Toyota...

BAZAZZAGI: Da ka kashe kasuwa. Su tsufan suke saye. Kuma irin waɗannan motoci, sai an haska tocila an ga lambar inji ta dace da ta bodi.

Bakano ya yi shiru. Can ya zaro waya.

BAKANO: Kai Ɗanladi! Fijo 504 ɗin nan ta bayan gida, kada wanda ya wanke ta! Kori kajin, amma bar kashinsu.

BAZAZZAGI: Wa ya tuƙa ta a fim?

BAKANO: Ta ɗauki amare goma sha biyu, duk da mai bidiyo.

BAZAZZAGI: To injinta na asali fa?

BAKANO: Yana nan lafiya lau. Yana niƙan masara a Dawanau.