Farantin sola mai wat 100 ba ya ba da wat 100 a kan jirgin ruwa

Mutane da yawa da ke son sanya sola a ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska sukan ɗauka cewa lambar da aka rubuta a bayan faranti ita ce wutar da za su samu daga safe har yamma. Wannan lamba ta fito ne daga gwajin masana'anta, inda ake haska faranti da haske mai ƙarfin wat 1000 a kowace murabba'in mita, zafin farantin kuma digiri 25 kacal, yanayin da ba kasafai ake samunsa a teku ba.

A kan jirgi, babbar matsala ita ce inuwa. Dogon sandan tsakiya da igiyoyi da zanen da iska ke turawa duk suna jefa inuwa, kuma tun da ƙwayoyin farantin a jere aka haɗa su, siririyar inuwa a kan kaɗan daga cikinsu tana iya rage wutar sosai. Ga zafin rana da ke rage ƙarfinsa, ga jirgin da ba ya tsayawa ya fuskanci rana.

Saboda haka, lissafin girman solar da ake buƙata yana farawa ne daga kayan da za a kunna: rediyon sadarwa, na'urar GPS, fitilu, da firij idan akwai, wanda shi ne yakan fi cin wuta. A rana mai kyau, faranti mai wat 100 yakan tara kimanin wat-awa 300 zuwa 400, wato amfiya-awa 25 zuwa 33 a batirin volt 12. Faranti biyu ƙanana, kowanne da na'urar cajinsa ta MPPT, wadda ke daidaita caji don a samu iyakar wutar da faranti zai iya bayarwa, sukan fi babba guda ɗaya jure inuwa.