Korona a gaba, yunwa a baya, da wace za mu ji a Maraɗi?

Wannan rubutun na ƙarshen Maris 2020 ne, farkon shigowar korona Nijar. Wallahi yau raina a ɓace yake, tun da na dawo daga farmasi ko tuwo na kasa ci, shi ya sa na ce bari in rubuta ko zuciyata ta yi sanyi. Inna ce ke tari yau kwana 4, irin tarin nan na dare da sai ta tashi zaune ta jingina da bango, ga masassara tana zuwa tana tafiya. Kowa ya san lokacin da muke ciki, zafi ya shigo ƙura ba ta gama tafiya ba, kowace shekara haka yake yi mata. Amma bana da na ce Inna tashi mu tai likita sai ta riƙe min hannu ta ce a'a ɗan nan, in na je cewa za su yi korona ce su kulle ni inda ba mai ganina, in cika ba wanda zai yi min wanka. Tsohuwa ta haura shekara 70 tana hawaye kan wankan gawarta. Ba komai ya jawo ba sai muryoyin nan da ake turawa a WhatsApp jikoki suna kunna mata, wannan ya ce duk wanda ya shiga likita da tari ba ya fitowa, wancan ya ce ciwon ba ya kama baƙar fata, wani ya ce zafin Nijar zai kashe shi, wani ya ce a sha ruwan ganyen bedi da tafarnuwa. Ku ji tsoron Allah masu tura abubuwan nan, kuna zaune kuna danna waya ku ba ku san gidan da maganarku za ta faɗa ba.

To da ta ƙi sai na ce bari ko maganin masassara in sayo mata, da takunkumi saboda yara da ke kwana ɗaki ɗaya da ita. Takunkumin nan da ƴan kabu-kabu ke sawa don ƙura, wanda watan jiya nake saye dala 20 (sefa 100), yaron farmasi ya dube ni ido cikin ido ya ce dala 100 (sefa 500). Na ce ƙanena me ya canza a jikinshi? Ya ce baba in ba ka so ajiye, akwai masu jira. Kuma da gaske akwai su, layi har bakin ƙofa. Ruwan goge hannu kuwa ƴar kwalba kamar ta turare, kuɗin da ya faɗa min ya isa cefanen gidana na kwana biyu. Na sayi takunkumi guda 2 na fito hannuna na rawa. Kaya ne da ke ajiye a shagonsu tun kafin a ji sunan Wuhan, garin China da ciwon ya fara ɓulla, ba sabon kaya suka yo oda ba, kawai sun ga mutane a tsorace sun ce ga kasuwa ta buɗe. Cin amana ne wannan, ba ciniki ba ne, ni ma ɗan kasuwa ne na san bambancin riba da yankan wuya.

Ni ban ce ciwon ƙarya ne ba, kada wani ya ɗora min. Muna gani yadda Italiya ke kwasar gawa, ƙasar da ke da likitoci da na'urori. Saudiyya ta tsayar da umra tun ƙarshen Fabrairu, wa ya taɓa zaton haka. Legas ta samu nata ranar 27 ga Fabrairu, mu kuma ranar 19 ga Maris aka ce an samu mutum na farko a Yamai. Kuma mu mutanen Maraɗi mun san annoba, kwalarar 2018 da ta fara daga wajen Madarunfa ba mu manta ba, ga sanƙarau da ƙyanda da ke bin yara duk lokacin zafi. Don haka da shugaba Issoufou ya yi jawabi ranar 17 ga Maris ya ce an rufe iyakoki da filayen jirgi, an rufe lakwal, an hana taron da ya wuce mutum 50, ban yi gardama ba. Amma dai a faɗa mana me za mu ci.

Don mu nan rufe boda ba sabon abu ba ne, tun Agustan 2019 Buhari ya rufe tashi, wata 7 ke nan muna shan wuya kafin korona ta zo. Ni kayan roba da atamfa nake ɗaukowa daga Kano, in bi ta Katsina da Jibiya in shigo ta Ɗan Isa, da nakan yi sawu biyu a wata. Yanzu rabona da hanyar nan har na manta, abin da ya rage a shago shi nake sayarwa ina cin uwar kuɗi. Maraɗi gari ne da ke numfashi da Najeriya, daga mai kamiyo har ɗan dako, mai canjin naira da sefa, mai sayar da fetur a kwalba, mai tuwo a tasha, duk igiya ɗaya ta ɗaure mu. An datse igiyar daga can, yanzu an datse daga nan, ga Yamai ma an killace ta ba shiga ba fita da dokar hana fita daga 7 na yamma zuwa 6 na safe. Jiya na zauna a shago daga hantsi har la'asar, bokiti guda na sayar. Guda ɗaya. Na biya in auni gero tiya ta tashi, shinkafa ta tashi, sabulu ma ya tashi, kuma azumi bai fi wata guda ba, masu sito sun fara ɓoye sukari da mai suna jiran ranar da za su yanka mu.

Sai maganar ruwa, wadda ita ta fi ci min rai. Rediyo daga safe har dare a wanke hannu da sabulu, a wanke hannu da sabulu. Da wane ruwa? Famfon gidanmu in ya kawo sai ƙarfe 2 ko 3 na dare, matata ta tashi da fitila ta tara jarka biyu kafin ya ɗauke, da shi za a dafa abinci a yi alwala a yi wa yara 6 wanka, yaran da yanzu ba lakwal suna gida yini guda suna shiga suna fita. In bai zo ba sai a bi ƴan ga-ruwa, su ma sun ƙara kuɗi, ban ga laifinsu ba don su ma layi suke kwana. Mun ji an ce gwamnati za ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin ruwa da wuta na Afrilu da Mayu, mun gode, amma ruwan ya zo tukuna. Kuma a ce mu ba da tazara, mu 11 ne a ɗaki 3.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Hukuma ta shiga kasuwa da farmasi ta duba farashi, wanda aka kama yana ninka kuɗin takunkumi da sabulu a hukunta shi a gaban jama'a. A buɗe shagunan hatsi masu rahusa tun kafin azumi, ba sai damina ta kusa ba. A sakar mana ruwa da rana. Likitoci su fito a rediyo su yi Hausa tsantsa, su ce wa tsofaffinmu ba kowane tari ne korona ba kuma wanda ya zo ba za a wulaƙanta shi ba, malamai da masu unguwa su maimaita, don maganarsu Inna ke ji ba tawa ba.

Yanzu haka da nake rubutun nan ina jin tarinta ta bango. Na kira ƙanwarta da ke unguwar Zariya ta zo da safe ta lallashe ta, in ta yarda zan ɗauki adaidaita in kai ta, kuɗin ordonas kuma sai in ga wanda zai ranta min.